Daga Zanen Bayan Littafi Zuwa Sana'a: Jagora Ga Mai Son Cin Abinci Da Zane

Kusan kowane aji na firamare yana da yaro ɗaya da aka sani da zane. Shi malamin kimiyya ke kira ya zana zuciya ko ƙashin mutum a allo, shi abokai ke roƙo ya zana musu ɗan ƙwallo ko tirela a bayan littafin lissafi. A ɓangaren 'yan mata kuma akwai wadda tun tana aji huɗu ake yi wa layi ranar jajibirin sallah don ta zana lalle. Kafin a gama sakandare yawancinsu sun ajiye fensir, domin ba wanda ya taɓa nuna musu hanyar da ta tashi daga bayan littafin nan ta kai ga aikin da ake biya. Hanyar tana nan, ita za mu bi daki-daki. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma da maza da mata duk nake yi.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu. Yaro yana zana abin da ransa ke so, sanda ya ga dama, in ya gaji ya bari. Mai sana'a yana zana abin da wani ke buƙata, a girman da aka faɗa masa, ya miƙa ranar da ya yi alkawari, kuma aikin ya fito daga injin bugu kamar yadda mai shi ya gan shi a waya. Duk matakan da ke tafe hanyar tsallakawa ce daga na farko zuwa na biyu.

Mataki na farko: ka daina kwafa, ka fara kallo

Yawancin masu baiwar zane da kwafa suka taso. Su ɗauki hoton jarumi ko katun ɗin Japan su kwaikwaya har a kasa bambancewa, jama'a su yi ta mamaki. Kwafa tana koya wa hannu natsuwa, ban raina ta ba. Matsalarta ita ce ranar da aka ce maka "zana mana tsohuwa tana tankaɗe, jikanta na leƙen ta ta bayan ƙyaure", ba hoton da za ka kwafa, sai hannun ya tsaya cak.

Maganin shi ne zana abin da ke gabanka. Ka sayi littafin zane mai arha, ko ka ɗinke farar takarda A4 da kanka, da fensir HB da 2B da 4B, da abin gogewa. Kada ka sayi littafi mai tsada a wannan mataki, tsoron ɓata shi zai hana ka zane. Ka ware ko da minti 30 ne kullum, ka fara da abubuwan da ba sa motsi: buta, randa, kujera 'yar tsugunno, takalmin da aka cire a ƙofar ɗaki. Kafin ka ja layin gefe, ka tambayi kanka da wace siffa aka gina abin. Buta ƙwallo ce da aka ɗora wa bututu. Adaidaita sahu akwati ne da aka yanke wa goshi. Wanda ya iya zana akwati da ƙwallo da ganga ta kowace fuska ya riƙe rabin zane, domin kusan komai daga su yake.

Sai haske da inuwa. Ka ajiye ƙwai ko kofi kusa da taga da safe, ka duba inda haske ya faɗa, inda ya fara dusashewa, da inda inuwa ta kwanta a ƙasa. Ka zana shi da safe, ka sake zana shi da la'asar ba tare da ka motsa shi ba. Za ka ga zane biyu ne daban.

Daga nan ka fita waje, nan ne aikin yake. Ka zauna a teburin mai shayi, ko tasha, ko bakin kasuwa, ka riƙa zana mutane cikin daƙiƙa 30 zuwa minti 2. Ba fuska kake nema ba, tsayuwa kake nema: yadda ɗan garuwa ke karkata in ya turo kura cike, yadda mai talla ke riƙe wuya a miƙe ƙarƙashin faranti, yadda dattijo ke tattare babbar riga a kafaɗa kafin ya zauna. Zanen zai yi muni na tsawon makonni, haka yake ga kowa. In kana jin nauyin a gan ka kana zana mutane, ka fara da 'yan gidanku da awaki da kaji. Mata da ba su cika fita ba suna da tsakar gida, kuma abin zanen da ke cikinta ya ishi shekara.

Akwai 'yan ma'aunai da za su rage maka wahala. Tsawon babban mutum kusan kai 7 da rabi ne in ka auna da tsawon kansa, jariri kuwa kusan kai 4. Shi ya sa yaron da aka zana da ma'aunin babba yake fitowa kamar wada. Idanu a tsakiyar kai suke, ba can sama kusa da gashi ba inda masu koyo ke kai su. Abin da ya yi nisa yana ƙanƙancewa, layukan titi da na bango kuma suna tafiya su haɗu a daidai tsayin idon mai kallo. Hannu da ƙafa su ne masu tona asiri. Duk wanda ka ga mutanen zanensa kullum hannu a aljihu, gudun su yake yi. Ka zana hannunka na hagu sau da yawa har ka daina tsoronsa.

Dalilin da ya sa na daɗe a nan shi ne kasuwa. Masu iya zana jaruman katun ɗin ƙasashen waje sun yi yawa a duniya, kuma da yawansu sun riga ka nisa. Masu iya zana naɗin rawani daidai, su bambanta hular zanna da dara, su san yadda mayafi ke zuba da yadda ake goya yaro da zani, su zana zaure da soro da rumbu ba tare da sun mayar da su bukkar wata ƙasa ba, su ne 'yan kaɗan. Masu buga littattafan yara da ƙungiyoyin da ke wayar da kai kan lafiya da ilimi irin wannan hannun suke nema. Ka kuma duba abin da magabata suka bari: zanen bangon gidajen Zariya da Kano, dagi, aska takwas da aska biyu a ƙirjin riga, zayyanar allo, sassaƙar ƙwarya, adon dukawa. Ka je Gidan Makama ko kasuwar Kurmi a Kano da littafinka. Duk waɗannan darasi ne na tsara siffa da maimaita ta, kuma ranar da aka ce ka yi tambarin kamfani za su yi maka rana.

Mataki na biyu: maganar gida

Iyaye in sun ce zane ba sana'a ba ce, yawanci tsoro ne ke magana, don ba su taɓa ganin wanda ya riƙe gida da shi ba. Gardama ba ta kawar da wannan tsoron. Abin da ke kawar da shi shi ne ranar da ka kawo katin bikin 'yar maƙwabta da ka tsara, ka ce ga abin da aka biya ni. Kada ka bar karatu don zane, ka haɗa su.

Akwai kuma batun zana abu mai rai, wanda duk Musulmi mai zane zai ci karo da shi. Malamai sun yi magana a kai kuma fahimtarsu ta bambanta, musamman kan abin da aka yi don koyarwa. Ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa ka tambaya, ka tsaya inda zuciyarka ta natsu. In ka zaɓi kauce wa mai rai, sana'ar ba ta rufe ba: tambari, tsara rubutu, bangon littafi, kwalin kaya, zanen atamfa da hula, taswira, rubutun Larabci na ado, fuskar manhajar waya, duk ba sa buƙatar fuskar mutum.

Mataki na uku: makaranta, shago, ko duka biyun

Arewa ba baƙuwar karatun zane ba ce. Tun 1955 ake koyar da shi a Zariya, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan ra'ayin cewa a ɗauki dabarun da Turawa ke koyarwa a haɗa da fasahar gida maimakon a yi ta kwaikwayo. Har yau jami'ar tana da sashen zane-zane da kuma sashen zayyanar masana'antu, inda ake karanta tsara hoto da rubutu, da zanen yadi, da aikin yumɓu da gilashi. A Legas akwai kwalejin Yaba, a Edo akwai ta Auchi, kuma kwalejojin ilimi da dama suna ba da NCE a fannin. Kafin ka cike JAMB ka duba littafin ƙa'idojinsu na shekarar, don darussan da kowace makaranta ke nema sun bambanta. In makarantarku na koyar da zane, ka saka shi cikin darussan WAEC ko NECO.

Makaranta za ta ba ka tushe, da malamai masu kushe aikinka a gaban aji (abin da ke da zafi amma yake gyara), da abokan da nan gaba za su turo maka aiki, da takardar da aikin gwamnati ko koyarwa ke buƙata. Abin da ba ta cika bayarwa ba shi ne saurin hannu da sanin halin kwastoma. Wannan a shago ake samun sa.

Don haka ko kana jami'a ko ba ka samu shiga ba, ka nemi maɗaba'a ko shagon masu tsara fasta da kati ka zauna a matsayin mai koyo, ko da na wata 6 ne. In ɗalibi ne kai, ka yi zaman koyon aikin da makaranta ke turawa a irin wannan wuri, kada ka kai takardar ofishin da za ka wuni kana danna waya. Za a aike ka sayen takarda, za ka yi yanka da naɗi da liƙi, wata rana oga ya yi maka faɗa a gaban mutane. A cikin haka za ka ga yadda aikin da ya yi kyau a kwamfuta ke lalacewa a takarda, da dalilin lalacewar. A ganina wata 6 a maɗaba'a mai yawan aiki ya fi shekara guda ta kallon bidiyon koyarwa kai kaɗai.

Mataki na huɗu: na'ura

Kada rashin kwamfuta ya zaunar da kai. Da waya ana farawa: ibisPaint da Sketchbook don zane, Canva da PixelLab don tsara fasta. Za ka iya zana a takarda da baƙin alƙalami, ka ɗauki hoton a hasken rana ba tare da inuwar hannunka ta faɗa ba, ka shigar waya ka zuba launi.

In kuɗi sun samu, kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai ƙwaƙwalwar aiki 8GB ko sama ta isa, kuma ka fi kula da lafiyar batirinta fiye da kyan jikinta, don ka san halin wutarmu. Sai ƙaramin allon zane mai alƙalami, irin na Wacom ko Huion ko XP-Pen. Marar gilashi, wanda kake zane a kansa kana kallon kwamfuta, ya wadatar. Kwanakin farko za ka ji hannu da ido sun rabu, daga baya su saba.

Manhajoji iri biyu ne, kuma dole ka gane bambancinsu. Photoshop da Krita da GIMP da ɗigo-ɗigo suke gina hoto, in ka ja shi ya wuce girmansa sai ya farfashe. CorelDRAW da Illustrator da Inkscape kuwa da lissafin layi suke aiki, tambarin da ka yi a ciki zai hau kan biro ya kuma hau allon talla na bakin titi ba tare da ya dusashe ba. Zanen littafi da na farko ake yi, tambari da na biyu. Krita da GIMP da Inkscape kyauta ne, Photoshop da Illustrator na kamfanin Adobe kuwa kuɗin wata-wata ake biya. Ko wacce ka fi so, ka koyi CorelDRAW, domin ita ce yaren da yawancin maɗaba'un Najeriya ke ji, daga Kano har Shomolu, unguwar maɗaba'u a Legas. Ka ƙware a ɗaya daga kowane ɓangare ka tsaya. Tara manhajoji goma ba ya ƙara wa hannu komai.

Mataki na biyar: koyon tsari da sirrin bugu

Iya zane daban, iya tsarawa daban. Fasta ko kati saƙo ne, kuma tambayar farko ita ce: me ake so ido ya fara gani, me zai gani na biyu? A katin ɗaurin aure, sunayen ango da amarya, sai rana da wuri. In komai ya yi girma ɗaya, ba abin da za a gani. Ka taƙaita salon rubutu zuwa iri 2, launuka zuwa 2 ko 3, ka bar fili ya sha iska. Kwastoma zai ce ka cika wurin nan, ka ƙara fure, ka sa walƙiya. Wani lokaci ka lallashe shi, wani lokaci ka yi masa biyu ya zaɓa.

Ga abubuwan da ke sa a yi asarar takarda. Allon waya da na kwamfuta da haske suke haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Injin bugu da tawada huɗu yake aiki, CMYK. Shuɗi mai ƙyalli da kore mai haske da ka gani a waya ba za su fito haka a takarda ba, don haka aikin da za a buga ka mayar da shi CMYK tun farko, ka kuma gaya wa mai shi. Hoton da za a riƙe a hannu ya zama 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, a ainihin girman da za a buga. Babbar bana ta talla da daga nesa ake kallo ba ta buƙatar haka. Duk launin da ya kai bakin takarda ka zarce da shi milimita 3 waje, saboda wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kullum, rubutu kuma ka janye shi aƙalla milimita 5 ciki. Ƙananan baƙaƙen rubutu ka yi su da baƙar tawada zalla. In ka haɗa su da tawada huɗu kuma injin ya ɗan goce, sai su fito da inuwa. Kafin ka kai fayil, ka mayar da rubutun ya zama zane (a CorelDRAW Ctrl da Q ne), in ba haka ba kwamfutar maɗaba'a za ta musanya salon da ba ta da shi. Ka ajiye kwafin da ba ka mayar ba don gyara. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, domin in ka tura a matsayin hoto matse shi yake yi.

Sai abin da ya shafe mu kai tsaye: ƙ da ɗ da ɓ. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai ka ga akwati a wurinsu, ko harafin ya fito da wata kama daban a tsakiyar kalma. Masu tsarawa da yawa sukan share lanƙwasar su huta, wannan kuwa lalaci ne, a littafin yara ma ɓarna ce. Noto Sans da Andika da Charis da Gentium duk suna da su kuma kyauta ne. Don Ajami akwai Alkalami, wanda aka yi shi a kan salon rubutun Kano, da kuma Harmattan. Rubutun Larabci yakan wargaje ko ya juya baya a wasu manhajoji, don haka ka nuna wa wanda ya iya karatu kafin a buga. Ka kuma ja hankalin kwastoma in yana son sa aya a takardar da za ta ƙare a ƙasa bayan taro.

Kada ka taɓa buga aiki sai mai shi ya karanta ya rubuto maka cewa ya amince. Harafi ɗaya a sunan mahaifin amarya ya isa a dawo maka da kati 500.

Mataki na shida: kundin ayyuka

Ba wanda zai tambaye ka sakamakon jarrabawa kafin ya ba ka bangon littafi. Cewa zai yi, mu ga abin da ka yi. Ka tara ayyuka 10 zuwa 12 mafi kyau, ka cire duk wanda sai ka yi masa bayani ko uzuri. In ba ka samu aikin kowa ba tukuna, ka ba kanka: ka ƙirƙiri tambari da leda da sitika na mai kilishi ko mai turaren wuta da babu shi, ka ɗauki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ka zana ta a shafi 6, ka sake tsara fastar rigakafi da ka gani ba ta yi maka ba. Ka nuna irin aikin da kake so a kira ka a kansa. Wanda ya cika shafinsa da zanen fuskokin mutane da fensir, zanen fuska za a riƙa kawo masa, ba littafi ba.

Ga mai son zanen littafi, abin da edita ke dubawa shi ne ko za ka iya zana yaro ɗaya sau goma, yana dariya, yana kuka, yana gudu, ta gaba da ta baya, kuma a gane shi ne. Ka sa wannan a kundin.

Ka buɗe shafin aiki daban da na hira a Instagram ko Facebook, ka sa kundin a Behance, shafin da masu zane ke baje aikinsu, ka kuma riƙe PDF mara nauyi a waya don turawa nan take. Ka bi aikin waɗanda suka riga ka, irin su Mustapha Bulama mai zanen barkwanci na Daily Trust, ka lura da yadda layi kaɗan ke ɗaukar magana mai yawa. Tarukan littattafai da fasaha da ake yi a Kaduna da Abuja da Legas wurin haɗuwa da marubuta da masu buga littafi ne. Ka je da kundinka a hannu.

Mataki na bakwai: kuɗi

A nan masu baiwa suka fi faɗuwa, saboda kunya. Aikin farko daga 'yan uwa da abokai zai zo, da "ai kai namu ne". Ka yi wa wanda ka ga dama kyauta, amma ka faɗa masa farashin da ka yafe, don ya san abin yana da kuɗi kuma kada ya turo maka wani da sunan kyauta ne.

Wajen yanke farashi, ka lissafa abin da kake buƙata a wata, har da data da man janareta da ɗan abin da za ka ajiye don gyaran na'ura, ka raba da awannin da za ka iya yin aikin kuɗi. A ce, don misali kawai, kana buƙatar naira 150,000 kuma awa 100 kake samu, awarka ta zama 1,500. Aikin da zai ci awa 8 bai kamata ya gaza 12,000 ba. Wannan ƙasan farashi ne. Tambarin da kamfani zai yi shekaru yana amfani da shi ya fi fastar taron kwana ɗaya daraja ko da lokaci ɗaya suka ci. In an taya ƙasa da ƙasan, ka ce albarka cikin fara'a.

Kafin ka fara, ka yi tambayoyi: wa ake so ya gani, a ina za a sa, wane girma, yaushe ake so, wa ke da maganar ƙarshe? Ta ƙarshen nan tana da muhimmanci, don kada ka gama da mai gida sannan uwargida ta ce a sake. Ka rubuta abin da kuka yi ittifaƙi a kai ko da a saƙon WhatsApp ne: aikin, kuɗin, ranar miƙawa, da cewa gyara sau 2 ne, na uku da kuɗinsa. Ka karɓi rabi kafin alƙalami. Ka fara nuna zanen fensir a amince kafin ka zuba launi, don gyara a wannan matakin minti kaɗan ne. Samfurin da za ka tura ya zama ƙarami mai ɗauke da sunanka a kai, cikakken fayil sai an cika kuɗi. Aikin 'yan siyasa kuwa, lokacin zaɓe yana da yawa kuma yana da maiƙo, amma ka karɓi kuɗinka duka kafin ranar ƙuri'a. Wanda ya faɗi ba ya ɗaga waya, wanda ya ci kuma ba a samun ganinsa.

Ka san haƙƙinka. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, zane yana samun kariya ba tare da sai an yi masa rajista ba, kuma kariyar tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Sallama haƙƙin gaba ɗaya sai a rubuce. Saboda haka ka karanta duk takardar da aka ba ka ka sa hannu, ka bambanta "na ba ka izinin amfani da shi a bangon wannan littafi" da "na sallama maka shi har abada". Na biyun ya fi tsada. Tambari dai sallamawa ake yi, don mai shi ba zai raba da kowa ba. Kai ma ka kiyaye na wasu: hoton da ka tsinta a Google yana da mai shi.

Mataki na takwas: faɗaɗawa

Katin biki da fasta za su riƙe ka, amma kasuwarsu cike take kuma farashinta a ƙasa yake. Bayan shekara ɗaya ko biyu ka zaɓi inda za ka zurfafa: kwalin kaya da tambari ga masu ƙananan masana'antu, bangon littattafan Hausa, fastar fina-finai, fuskar manhaja, ko littattafan yara.

Na ƙarshen yana da tsarinsa. Littafin yara mai hotuna yawanci shafi 24 ne ko 32, saboda yadda ake naɗe babbar takarda a maɗaba'a. Za ka karanta labarin, ka raba shi shafi-shafi, ka yi ƙananan zane kamar girman akwatin ashana na littafin gaba ɗaya a takarda guda don ka ga tafiyarsa, ka bar wurin rubutu, ka kauce wa sa fuska a tsakiya inda ɗinki zai cinye. Ka leƙa shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver, akwai littattafan Hausa kyauta a ciki. Za ka ga masu kyau, za ka kuma ga waɗanda aka fassara labarin amma hoton na wata ƙasa ne. Wannan giɓin naka ne.

Aikin ƙasashen waje ta shafukan neman aiki irin su Upwork da Fiverr yana yiwuwa, sai dai yana son Turanci mai gamsarwa da haƙurin watanni, kuma ka tabbatar da hanyar karɓar kuɗinka kafin ka karɓi aiki. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke fitar da hoto cikin daƙiƙoƙi sun riga sun ci wani ɓangare na aikin arha, ba amfanin musun haka. Ka koyi yadda suke aiki. Har yanzu dai sukan yi kwaɓa a tufafinmu da gine-ginenmu, kuma ba su san maɗaba'a ba, ba sa zama da marubuci su gane abin da yake nufi.

In aiki ya fara zuwa a kai a kai, ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ka buɗe asusun banki da sunan, domin ƙungiyoyi da kamfanoni ba su cika biyan asusun mutum ba. Ka riƙa ajiye fayilolinka wuri biyu, ɗaya a faifan waje ɗaya a intanet. Google Drive na ba da 15GB kyauta. In kana da wani aikin albashi ko kasuwa, kada ka sake shi sai zane ya biya maka buƙatunka wata 6 a jere, kuma kuɗin daga kwastomomi daban-daban suke fitowa, ba daga mutum ɗaya ba. Watannin damina aikin biki yakan ja baya, don haka ka sa su cikin lissafin.